Roƙo Ko Wa'azi: Yadda Waƙar "Flood" Ta Shiga Gidajen Rediyon Amurka

Masu nazarin adabi sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke sa a kira waƙa ta addini. Wasu sun ce jigonta ne, wasu sun ce a dubi mawaƙinta, wasu kuwa suka ce a dubi wurin da ake rera ta da irin mutanen da ake rera wa. A ƙasar Amurka akwai wani alƙali na huɗu wanda ba a cika ambatonsa a ajin adabi ba, alhali kuwa hukuncinsa ya fi na sauran zartuwa, watau gidan rediyo. Shi ne yake ware waƙoƙi gida-gida, ya ce wannan ta masu ibada ce, waccan ta kowa da kowa ce, kuma da wuya waƙar da ya ajiye a wani gida ta tsallaka katanga zuwa wani. Wannan maƙala za ta dubi wata waƙa da ta tsallaka, mai suna "Flood", watau Ambaliya, ta ƙungiyar mawaƙan Kirista da ake kira Jars of Clay, wadda ta fito a 1995 ta kuma cika gidajen rediyo a 1996. An zargi mawaƙanta da cewa sun ɓoye addininsu domin su sami shiga. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, zargin bai tsaya da ƙafafunsa ba, amma kuma akwai wani abin damuwa na gaskiya a cikin labarin wanda masu zargin suka tsallake.

Kafin a kai ga waƙar, tilas ne mai karatu ya san irin katangar da ake magana a kanta. A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasan Kalifoniya da suka rungumi addinin Kirista sun ƙi rabuwa da jita da gangunan da suka saba da su, suka shiga rera waƙoƙin ibada da kiɗan rok. Faifan Larry Norman na 1969, Upon This Rock, yana cikin na farko-farko. Dattawan majami'u da yawa sun ƙi abin, suna ganin kiɗan sheɗan ne aka yi wa riga. Duk da haka, kafin shekarun 1980 su ƙare harkar ta zama babbar sana'a mai cibiya a birnin Nashville na jihar Tennessee. Tana da kamfanonin faifanta irin su Word da Sparrow, tana da gidajen rediyonta, tana da lambobin yabonta da ake kira Dove, kuma ana sayar da kayanta a kantunan littattafan Kirista, inda mai neman faifan rok na yau da kullum ba ya leƙawa. Ta haka sai aka sami kasuwa biyu a gari ɗaya, kowace da ƙofarta. Wanda ya yi fice a ɗaya yana iya wucewa ta gaban ɗayar ba wanda ya san shi. Amy Grant ta taɓa tsallakawa, har waƙarta "Baby Baby" ta zama ta ɗaya a jerin mujallar Billboard a 1991, amma waƙar soyayya ce tsantsa, kuma ta sha suka a kan haka daga mutanenta.

A ɗaya gefen katangar kuwa, tun daga 1991 da faifan Nevermind na ƙungiyar Nirvana ya fito, wani reshe na rok da ake kira altanatif ya mamaye kunnuwan samari. Asalinsa kiɗan 'yan bayan fage ne waɗanda manyan kamfanoni ba su kula da su ba, ana jin su a ƙananan gidajen rediyon jami'o'i. Jigoginsa su ne ƙunci da kaɗaici da shakka da gajiya da duniya. Gidajen rediyo na musamman suka taso dominsa, irin su KROQ na Los Angeles, kuma Billboard tana da jeri na dabam da take auna waƙoƙin da suke sawa. Waɗannan gidaje su ne ƙarshen wurin da za a zaci a ji ɗaliban kwalejin mishan.

Ɗaliban kwalejin mishan kuwa su ne suka kafa Jars of Clay. Dan Haseltine mai rerawa, da Charlie Lowell mai kaɗa fiyano, da Stephen Mason mai jita, da Matt Bronleewe, sun haɗu ne a Kwalejin Greenville ta jihar Illinois, wadda ɗariƙar Free Methodist ta kafa, inda a lokacin ake koyar da kiɗan Kirista na zamani a matsayin fannin karatu. Sunan ƙungiyar ma'anarsa tukwanen yumɓu, an ɗauko shi daga wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura ta 4 aya ta 7, inda aka kamanta masu bi da tukwane marasa ƙarfi da aka zuba wa dukiya mai daraja. Wanda yake nufin ɓoye addininsa ba zai rataya aya a wuyansa a matsayin suna ba. A 1994 suka naɗi faifan gwaji mai suna Frail, suka kuma ci wata gasa da ƙungiyar Gospel Music Association ta shirya a Nashville, daga nan kamfanoni suka fara zawarcinsu. Bronleewe ya zaɓi ya zauna ya ƙare karatunsa, sai Matt Odmark, abokin Lowell tun suna yara, ya maye gurbinsa. Suka bar makaranta suka koma Nashville, suka sa hannu da ƙaramin kamfanin Essential. Faifansu na farko, wanda ke ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a watan Oktoba na 1995.

Mafi yawan waƙoƙin faifan su da kansu suka tsara naɗinsu, amma biyu daga ciki, "Flood" da "Liquid", sun bi ta hannun Adrian Belew. Wannan mutum ba daga kasuwar Nashville ta waƙoƙin ibada ya fito ba. Gwanin jita ne da ya yi aiki da Frank Zappa da David Bowie da Talking Heads, kuma daga 1981 ya yi shekaru yana rera wa ƙungiyar King Crimson. Hannunsa ya bayyana a cikin "Flood". Tsawon waƙar kamar minti uku da rabi ne. An gina ta a kan jitoci marasa lantarki da ake kaɗawa da ƙarfi da gaggawa, kamar saukar ruwa a kan rufin kwano, muryoyi suna hawa kan juna a wurin amshi, sa'an nan a tsakiya komai ya lafa, gogen Turawa ya ɗauka a hankali, kafin guguwar ta komo. Babu ɗan ganga a cikin su huɗun, kuma wannan rashi ya zame musu alheri, domin ya ba su amo wanda bai yi kama da na ƙungiyoyin da ke kwaikwayon Nirvana ba, a lokacin da kunnuwa suka fara gajiya da kwaikwayon.

Jigon waƙar shi ne inda maganar take. Mai magana a cikinta mutum ne da ruwa ya yi kwanaki yana sauka a kansa, duniyarsa ta cika ta tumbatsa, ƙafarsa tana nutsewa cikin taɓo, ƙarfinsa na iyo ya kusa ƙarewa, sai ya ɗaga murya yana roƙon a ɗauke shi sama kada ya halaka. An ambaci kwana arba'in, wanda shi ne adadin kwanakin da Littafin Farawa ya ce ruwan Ɗufana ya yi yana zuba a zamanin Annabi Nuhu. Ba a ambaci sunan wanda ake roƙo ba, ko sau ɗaya. Wannan shiru shi ne hujjar masu suka. Suka ce waƙar da ba ta faɗi sunan Ubangiji ba kowa yana iya ɗaukarta yadda ya so, saurayi ya ce da budurwarsa ake, mashayi ya ce da abokinsa ake, kuma da gangan aka bar ƙofar a buɗe domin kuɗi su shigo.

Ɗalibin adabi ba zai karɓi wannan hujja da sauƙi ba. Alamtarwa ba ɓoyewa ba ce. Idan mawaƙi ya ambaci ruwa da kwana arba'in da neman tsira a tare, ya riga ya faɗa wa duk wanda ya san labarin Nuhu inda ya dosa, kuma a Amurka ta 1995 waɗanda ba su san labarin ba kaɗan ne. Har ila yau, siffanta mai neman ceto da wanda ruwa ke ci ko wanda ya maƙale a taɓo tsohon salo ne a cikin littafin da waɗannan samari suka tashi da shi. Yana nan a Zabura ta 69 da ta 40. Ashe ke nan daga tsakiyar gadonsu suka ɗebo salon. Abin da suka ƙara shi ne sun juya labarin. A wa'azin da aka saba, mai magana yana cikin jirgi tare da Nuhu yana gargaɗin waɗanda ke waje. A cikin "Flood" mai magana yana cikin ruwan, yana daga cikin waɗanda hukuncin ya hau kansu, kuma bai nuna wata takardar shaida da ta ba shi haƙƙin shiga jirgin ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya tsayawa jero sunaye da kirari, ihu yake yi, kuma da mawaƙin ya tsaya jero su da ya ɓata hoton da ya zana.

Akwai kuma hujja ta biyu wadda ta fi sauƙin tabbatarwa. Wanda ya ji "Flood" a rediyo ya je ya sayi faifan, zai tarar da "Liquid", wadda take siffanta gicciye Almasihu kamar yadda Kirista suka yi imani, da "Love Song for a Savior", wadda sunanta kaɗai ya isa shaida, da "Worlds Apart", wadda addu'ar tuba ce doguwa. Belew ɗin da ya tsara "Flood" shi ne ya tsara "Liquid". Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan 2. In da ɓoyewa ce manufar, to an yi ta da sakaci ƙwarai.

To, mene ne ya buɗe wa waƙar ƙofa? Abu na farko ba shi da alaƙa da adabi ko kaɗan. A farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin faifai sun gano cewa akwai kuɗi a kasuwar Nashville, suka shiga saye ta. EMI ya sayi Sparrow a 1992. Zomba ya sayi Brentwood, uwar kamfanin Essential, a 1994. Zomba kuwa yana da wani reshe mai suna Silvertone, wanda ya fitar da ƙungiyar The Stone Roses ta Ingila, kuma yana da ma'aikatan da suka san ƙofar kowane gidan rediyon rok da sunan mai tsara shirye-shiryensa. Ta hannun Silvertone "Flood" ta isa waɗannan gidaje, cikin rigar da suka saba gani. A 1995 kuma aka fara lissafa cinikin kantunan littattafan Kirista a cikin ƙididdigar SoundScan da Billboard take dogara da ita a lokacin, sai faya-fayan da a da ba a ganin su a jeri suka bayyana kwatsam. Masu rediyo mutane ne masu bin lamba. A 1996 "Flood" ta kai ta 12 a jerin waƙoƙin rok na zamani, ta kai ta 37 a babban jerin waƙoƙi ɗari na ƙasa baki ɗaya, tashar MTV kuma tana nuna hotonta. Ƙungiyar ta yi yawon wasa tare da Sting, ta yi wasa a gidajen rawa da ake sayar da giya, abin da ya ƙara wa masu suka ƙarfin murya.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi cancantar nazari. Ana yawan cewa gidajen rediyon rok suna gudun sunan Allah. Tarihin waɗannan shekaru bai goyi bayan haka ba. A daidai lokacin da "Flood" take tasowa, waƙar Joan Osborne mai suna "One of Us" tana ko'ina, har ta kai ta 4 a babban jeri a farkon 1996, kuma daga farkonta har ƙarshenta maganar Allah take yi, da sunansa. Kafin ita an yi "Shine" ta Collective Soul a 1994, wadda take neman haske daga sama. Saboda haka suna ba shi ne matsalar ba. Amma a dubi abin da ya sami ƙungiyar DC Talk, waɗanda su ma daga jami'ar Kirista suka fito. A 1995 suka fitar da "Jesus Freak", da kiɗa mai nauyi wanda ya fi na "Flood" kama da abin da gidajen altanatif suke sawa. Faifan ya shiga jerin Billboard a matsayi na 16 a makonsa na farko, alamar cewa masu saye suna nan. Duk da haka waƙar ba ta shiga cikin ɗari na babban jeri ba. Wadda ta shiga daga wannan faifai ita ce "Just Between You and Me", waƙar neman gafara tsakanin aboki da aboki, wadda ta kai ta 29 a 1996.

Idan aka jera waɗannan waƙoƙi, ƙa'idar da ba a rubuta ba sai ta fito fili. Waƙar Osborne tambaya ce. "Shine" roƙo ce. "Flood" roƙo ce. "Jesus Freak" kuwa shela ce, mai ita ya tsaya a dandali yana faɗin abin da ya tabbata a kansa, ba ya neman ra'ayin kowa. Gidan rediyon kasuwanci yana rayuwa ne da talla, kuma abin da yake tsoro a duniya shi ne mai sauraro ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha. Tambaya ba ta korar kowa, domin mai imani da marar imani duk suna iya yin ta. Roƙo ma haka, domin babu wanda bai taɓa jin ruwa ya kai masa wuya ba. Shela ita ce take raba jama'a biyu, kuma rabin da bai yarda ba zai murɗa. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, bai shafi tauhidi ba, kuma "Flood" ta dace da shi ne domin nau'in waƙar addini da ta kasance, watau kukan mai neman ceto, shi ne nau'in da lissafin yake bari ya wuce.

A nan ne abin damuwar yake, kuma ya fi zargin ɓoye addini nauyi. Adabin addini, a kowace al'umma, yana da ɗakuna da yawa: akwai roƙo, akwai yabo, akwai gargaɗi, akwai koyarwa, akwai labarin magabata. Idan ƙofar da take kai wa ga miliyoyin kunnuwa ɗaki ɗaya kawai take buɗewa, to sannu a hankali mawaƙa za su tare a wannan ɗaki, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da Jars of Clay suka yi domin hoton waƙarsu ya buƙace shi, na bayansu suna iya mayar da shi dabara: a cire suna, a bar "kai" wanda ba a san ko wane ne ba, a aika wa tashoshi biyu a rana ɗaya. Kamfanoni sun ga lambobin 1996, kuma kamfani ba ya ganin lamba ya manta. Ba za a ce duk waɗanda suka tsallaka daga baya dabara suka yi ba. "Kiss Me" ta Sixpence None the Richer, wadda ta kai ta 2 a 1999, waƙar soyayya ce da ba ta yi da'awar zama wani abu dabam ba, kuma "Meant to Live" ta Switchfoot, wadda ta yi tashe a 2004, tana da nata nauyin. Amma duk wanda ya saurari abin da kasuwar ta riƙa fitarwa a shekarun da suka biyo baya zai ji waƙoƙi da yawa waɗanda shirunsu bai ɗauki komai ba. Bambancin yana wurin kwana arba'in ɗin nan. Shirun "Flood" yana da turke da aka ɗaure shi a kai, labari sananne wanda ya hana ma'anar yawo. Inda babu turke, abin da ya rage shi ne waƙar soyayya da aka shafa wa turaren majami'a.

Kada kuma a ɗauka cewa gidajen rediyon Kirista sun fi 'yan uwansu faɗin ƙirji. Su ma da talla da gudummawar masu sauraro suke rayuwa, su ma suna tsoron murɗa akwati. A cikin sana'ar an san wata mai sauraro ta ƙage da ake kira Becky, uwar yara mai matsakaicin shekaru wadda take tuƙa su zuwa makaranta, kuma ana auna kowace waƙa da tambayar ko za ta yi mata daɗi. Waƙar da ta yi duhu da yawa, ko ta bar mai roƙo cikin ruwa ba a nuna an tsamo shi ba, tana iya shan wuya a wannan ma'auni kamar yadda shela take shan wuya a ɗayan. "Flood" ta ƙare ba tare da an ga jirgi ya iso ba. Cewa ta sami karɓuwa a ɓangarorin biyu a shekara ɗaya ya nuna ƙarfinta, ya kuma nuna cewa ta zo a kan gaɓa. A watan Fabrairu na 1996 aka sa hannu a kan sabuwar dokar sadarwa ta Amurka, wadda ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara tashoshi fiye da 1,000, kuma zaɓen waƙoƙi ya riƙa komawa hannun mutane kaɗan masu aiki da ƙididdiga. Mai tsara shiri a wani gari wanda zai ji baƙuwar waƙa ta burge shi ya sa ta don kansa, irinsa ya ragu.

Su kansu Jars of Clay ba su sake samun irin wannan shiga ba. Faifansu na biyu, Much Afraid, ya fito a 1997 ya kai na 8 a jerin faya-fayai, watau masu saye ba su gudu ba, amma babu wata waƙarsu da ta sake shiga cikin arba'in na farko a babban jeri. Gidajen altanatif sun juya ga wani amo mai nauyi, suka bar su. A wajen mai sauraron rok na yau da kullum sun zama mawaƙan waƙa ɗaya, alhali a ɗaya kasuwar sun ci gaba da fitar da faya-fayai har shekaru da yawa. A 1998 Much Afraid ya ci lambar Grammy, kuma rukunin da aka ba shi lambar a ciki shi ne na waƙoƙin bishara.